Azumin da Aka Zargi Hannun Babana

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara. Tun hantsi iskar da ke shigowa ta ƙofa take zama kamar daga bakin murhu ta fito, kafin azahar kuwa ko kukan kaza ba ka ji a unguwarmu. Ranar nan ina kwance a zaure na ji kiran la'asar, na yunƙura na miƙe da sauri, sai idona ya rufe. Na dafa bango na tsaya har duhun ya wuce. Jikata Hawwa ta ruga ta ɗauko ƴar na'urar awon tansiyo, wato hawan jini, da ubanta ya sayo mini a Damagaram, ta ɗaura mini a damtse, ta duba ta ce ba komai, ƙishirwa ce da saurin tashi. Na ce mata na sani. Na san wannan duhun tun ba a haifi ubanta ba, ko da yake ba a idona na fara ganinsa ba.

Waccan shekarar ma azumi a bazara ya same mu. Ina sabon aure a nan Gure, ina goyon ƴata ta fari, muna zaune gida ɗaya da iyayen maigidana Mamadu. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke lokacin da hatsi ke cikin fidda kai, saboda haka tun kafin a ga wata rumbunmu ya kusa kai ƙasa. Uwar mijina, wadda muke kira Iya, ita ke hawa da kanta ta ɗebo, ta auna a tiya, ta shafe bakin tiyar da tafin hannu kada ƙwaya ta yi tudu. Abin da ya rage mu cika da anza. Ƴaƴan yanzu ba su san anza ba, ƴaƴan wani icen daji ne masu ɗaci. Sai ka jiƙa ta kana zubar da ruwan kana sakewa har ɗacin ya fita, kuma ba ya fita duka.

Da an yi sallar asuba maza su ɗauki gatari da manjagara su tafi sharar gona, don aikin da ba a yi kafin rana ta ɗaga ba ya tafi ke nan. Mu mata mu gangara kwari da tuluna. Rijiyar ta yi nisa ƙasa, guga na dawowa rabi ruwa rabi laka, sai mun bar shi ya kwanta a randa. Da rana ta take, kowa ya nemi inda zai ajiye jikinsa. Maza su yayyafa wa rairayin ƙarƙashin gawo ruwa su kwanta a kai, mu kuma mu jiƙa zane mu lulluɓa, kafin ka juya ya bushe ƙayau. Harshe ya manne a ganɗa. Ba ƙanƙara a leda kamar yau, ba firji mai aiki da hasken rana. Sanyin da muka sani shi ne na randar da aka binne gindinta a jiƙaƙƙen rairayi. Bayan la'asar a fara daka, a dama kunun tsamiya, a jera ƙore, kowa ya zuba wa yamma ido.

Babana sunansa Ari, wanzami ne, yana da rumfa a gefen kasuwa. Aski, ƙaho, cire beli, askin suna, duk shi ake kira, kuma mafi yawan ladansa hatsi ne ba kuɗi ba. Surukina Malam Kyari abokinsa ne tun suna samari. Har garkarsa ta kwari ya yanka masa gefe guda aro, mai ƴan itatuwan dabino, Baba na shuka albasa da yakuwa a ciki. Kowace Juma'a da hantsi Baba kan zo zauren gidanmu da zabirarsa a kafaɗa ya yi wa Malam aski, suna hira suna tsokanar juna.

Juma'ar farko ta azumi ina cikin gida ina wanke wa yarinya jiki na ji Baba yana kiran maigidana da wata murya da ban san shi da ita ba. Na leƙa ta jikin zana. Malam na kwance a gefe kan tabarma, idonsa ya juye, Baba na riƙe da kansa. Ya gama aske kan, ya ɗaga masa haɓa ya sa babban yatsa ƙarƙashin muƙamuƙi ya ja fata zai gyara gemu, sai kawai mutum ya sulale. Kafin a kawo ruwa ya farfaɗo, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Me kuka tsaya mini a kai?"

Aka ce azumi ne da zafi, da kuma shekaru. Aka yi dariya ma, Baba ya ce masa tsufa ya zo, ya daina musu.

Juma'a ta biyu abin ya sake faruwa, a daidai wurin, a daidai lokacin gyaran gemu. Wannan karon askar ta ɗan shafe shi wajen faɗuwa, jini ya ɗiga a farar riga. Ba wanda ya yi dariya. Baba ya tattara gashin da ya zuba a tabarma kamar yadda ya saba, ya ƙulle a tsumma zai je ya binne. Iya na tsaye a bakin ƙofar cikin gida tana kallon tsumman har ya shiga zabira.

Da yamma muna daka ni da ita, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Zara, gashin nan da babanki ke kwashewa, ina yake kai shi?"

Na ce, "Binnewa yake yi, Iya. Na kowa haka yake yi."

"A ina?"

Ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba. Ta ci gaba da daka, ni ma na ci gaba, amma taɓaren nan biyu sun daina faɗuwa bi da bi.

Daga baya na ji abin da ke ranta. Kafin azumi Malam ya taɓa cewa, tunda shekara ta yi wuya, wataƙila ya karɓi gefen garkar nan ya shuka rogo. Magana ce ta cikin gida, ban ma tabbata ta kai kunnen Baba ba. Amma Iya ta ɗauko ta ta ajiye kusa da tsumman gashi, ta ga sun dace. Ta aika aka gaya wa Baba ya huta da zuwa, Malam zai bar sumarsa sai bayan Salla.

Da a nan abin ya tsaya, da ya mutu a cikin gida. Amma a makon nan aka yi wata iska mai zafi da ke ƙona fuska, Malam ya naɗa rawani ya ja shi tamau ta ƙarƙashin haɓa ya tafi masallaci. An idar da la'asar, liman ya yi sallama, Malam ya juya kai dama, sai ya kife a kan na kusa da shi. Baba na sahun baya. Shi ya fara kai hannu zai tallabe shi, wani ya ture hannun.

Kafin magariba labari ya zaga Gure. Aka ce yanzu ba sai da aska ba, an riga an yi aiki a kan gashin. Aka ce abin da aka tura masa ba ya son ya idar da salla. Masu zuwa rumfar Baba suka fara ragewa. Maƙwabcinsa na ƙut da ƙut matarsa ta haihu, ranar suna aka ɗauko wanzami tun daga Kelle, aka wuce da shi ta ƙofar gidan Baba. A shekarar da kowane ƙoƙon hatsi ke da muhimmanci, hannun Baba ya zauna ba aiki. Na je gaishe su na tarar innata tana dafa ganyen jiga zalla don buɗa baki. Baba na zaune yana wasa aska a kan fata, ya wasa, ya duba bakinta, ya sake wasawa.

A gidan aurena kuwa Iya ta shiga neman tsari. Aka kawo rubutu, aka kawo turare har ɗakin Malam ya koma kamar an ƙona kara a ciki. Aka ɗinko layu masu nauyi a igiyar fata, ta ɗaura masa a wuya da hannunta, ta ja igiyar sosai don kada su yi lilo su faɗi. Daga ranar faɗuwar ta ƙaru. Ya waiwaya zai amsa sallama, ya tafi. Ya ɗaga kai zai dubi rana, ya tafi. Kuma duk a cikin gida, inda Baba bai sake taka ƙafa ba. To wa ya rage a gidan mai jinin Ari wanzami?

Ba wanda ya ce mini komai. Kunun Malam dai ya bar hannuna, Iya ke damawa a ɗakinta. In na ɗebo ruwa na zuba a randarsa, in na juya baya sai na ji ana kwashewa ana mayarwa a ta wanki. Wata rana na miƙa masa ƙoƙon fura da aka aiko daga maƙwabta, Iya ta karɓe a tsakani, ta zuba wa akuya kaɗan, ta tsaya tana kallon akuyar. Maigidana bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma na sha kama shi yana bin hannuwana da kallo in ina aiki. Malam shi kansa ya yi shiru. Ya daina tsokanar jikarsa, ya daina haɗa ido da kowa. Ban san abin da ya yarda da shi ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ga yunwa, ga yarinya na tsotson nonon da ba komai a ciki, ga gida ya cika da idanu.

Ana cikin goman tsakiya maigidana ya same ni a bayan rumbu ina tsince anza.

"Iya ta ce ko za ki je gida ki huta, sai bayan Salla."

Na ce, "Kai me ka ce?"

Ya daɗe yana murza bakin rigarsa. "Ban ce komai ba tukuna."

Na san irin wannan hutun. Ana tafiya da ƙafa, takarda ta biyo baya.

Ban kai ga ɗaure kayana ba Malam ya sake faɗuwa, wannan karon goshinsa ya daki bakin turmi ya tsage. Aka ɗora shi a amalanke zuwa gidan likita. Manjo, babban ma'aikacin gidan likitan, ya ɗinke wurin, ya auna tansiyo ya ce lafiya lau take, ya saurari ƙirji, ya yi ta tambayoyi. Daga ƙarshe ya ce wannan ya fi ƙarfin kayan aikinsa, a kai shi Damagaram wurin lokotoro, babban likita, a duba zuciya. Aka sayar da tunkiyar Iya don kuɗin mota. Da aka zo maganar masu rakiya, Malam ya dubi Iya, ya buɗe baki karo na farko.

"Mamadu zai je, ke ma za ki je. Zara ma ta shirya."

Iya ta ce, "Ita kuma ta je yin me?"

"In hannunta ne, gara a gani a gaban lokotoro."

Har yau ban san ko kare ni yake yi ba ko kai ni ƙara.

Muka shiga bayan kamiyo, babbar motar kaya, a kan buhunan kanwa. Ƙarfen motar ba ya taɓuwa don zafi, kwalta na rawa a gabanmu kamar ruwa. Iya ta zauna tsakanina da Malam tun daga Gure har Damagaram.

Lokotoron da ya gan mu dogo ne, Hausarsa ta mutanen yamma ce. Bai yi saurin taɓa Malam ba. Ya ce a ba shi labarin kowace faɗuwa, me yake yi a lokacin. Iya ta karɓe zancen, ta zayyana masa duka da zafinta, askin farko, aski na biyu, masallaci, har da maganar gashi da garka. Ya bar ta ta gama. Sannan ya tambaye ta a ina wanzamin ke sa yatsa, ta nuna a wuyanta. Ya tambayi yadda aka naɗa rawanin. Ya sa hannu ya ɗaga igiyar layun, ya ga shatar da ta yi a fata.

Ya kwantar da Malam a gado ya riƙe masa wuyan hannu ɗaya, ya ce wa maigidana ya riƙe ɗayan, ya nuna masa inda zai ji bugun jini.

"Kana ji?"

"Ina ji."

"To, kada ka saki. Baba, kada ka ji tsoro, ina tare da kai."

Ya sa yatsu biyu ƙarƙashin muƙamuƙin dama ya ɗan murza. Na ga fuskar maigidana ta sauya.

"Ta tsaya," in ji shi a hankali. "Lokotoro, ta tsaya."

Idon Malam ya fara juyewa, irin juyewar da na gani ta jikin zana. Lokotoro ya ɗauke hannu, ya ɗaga masa ƙafafu sama. Iya ta riga ta cafke hannun farar rigar lokotoro.

"Kai ma?" ta ce.

Malam ya ja numfashi ya buɗe ido. Lokotoro ya jawo kujera ya zauna daidai da Iya, ya yi mata bayani kamar ita ce marar lafiyar. Ya ce a nan gefen wuya, inda babbar jijiyar jini ta rabu biyu za ta hau kai, Allah ya sa wani ɗan wuri mai jin ƙarfin jini, kuma kowa na da shi. In jini ya hau, wurin ya aika wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa zuciya ta sassauta. In mutum ya miƙe tsaye jini ya sauka ƙafafu, wurin ya sanar, ƙwaƙwalwa ta sa zuciya ta ƙara himma. Dare da rana suna wannan aike, mutum bai sani ba.

"Na maigidanki ya cika ji," in ji shi. "Ko daga waje aka danna shi, da yatsa ko da rawani ko da igiya, ko ya juya wuya da ƙarfi, sai ya ɗauka jini ne ya hau. Ya kai labarin da ba haka ba. Ƙwaƙwalwa ta yarda, ta ja wa zuciya linzami, jini ya kasa isa kai. Ƙwaƙwalwar ce kuma take fara ɗaukewa. Ga azumi, ga zafi, jikin ba ruwa, abin ya taru."

Iya ta ce, "To wa ya lalata masa wurin?"

"Shekaru, Hajiya."

Ya ce akwai wata na'ura da ake dasawa kusa da zuciya, amma ba a nan kusa ake yi ba. Abin da za a iya shi ne a bar wuyan ya sarara. Ba rawani mai shaƙewa, ba gyaran gemu, layu su koma aljihu. In zai waiwaya ya juya da kafaɗunsa, in zai tashi ya zauna tukuna. Kuma ya ajiye azumin bana ya sha ruwa. Malam ya kwance igiyar da kansa ya miƙa wa Iya.

A hanyar dawowa muka hango duwatsun Gure. Iya ta ce, ba da kowa take ba, "Shekarun ba su tashi zuwa ba sai ranar aski."

Ba ta sake maganar in tafi gida ba, amma ba ta ce in zauna ba. Na zauna. Liman ya zo ya gaya wa Malam cewa marar lafiya na da rangwame, ya ciyar in ya samu hali. Da ƙyar ya yarda. Yakan shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya ya sha ruwa, kamar mai sata. Bai sake faɗuwa ba. A masallaci aka ga yana sallama da dukan ƙirjinsa, wasu suka ce makarin da Iya ta nemo ne ya ci, wasu suka ce wanzami ne ya ji tsoro ya kwance abinsa. Labarin lokotoro maigidana ya ba da shi a wurare da dama, amma bai yi gudu kamar na farko ba.

Ranar jajibirin Salla, ranar da a da Baba ba ya samun sukunin ɗaga kai don layin masu aski, Malam ya fito da hula ba rawani, sumarsa da gemunsa sun yi buya-buya. Ya ce in ɗauko masa buzunsa in biyo shi. Iya ta tambayi inda za shi, ya ce kasuwa. Hadari ya ɗan taso ta gabas a ranar, irin wanda ke tsokanar mutane ya watse, iska ta tsaya cik, gumi na bin bayan kowa.

Rumfar Baba ba kowa sai shi. Can gaba, wani baƙon wanzami ya kafa tabarma mutane sun yi masa layi. Malam ya sa na shimfiɗa buzun a bakin rumfar, ba a ciki ba, inda duk mai wucewa zai gani. Ya zauna ya cire hula.

"Ari, kan kawai. Gemun ka bar mini, lokotoro ya ce ya zama nawa."

Baba ya dube shi. "Ka tabbata, Malam Kyari?"

"Da ban tabbata ba da na bi wancan layin."

Mutane suka fara tsayawa. Masu awo suka bar tiyoyinsu, wasu daga layin baƙon suka juyo. Jiran faɗuwar suke yi. Baba ya jiƙa sumar, ya dafa tsakiyar kan da yatsu uku, bai bar hannunsa ya sauko ko kusa da kunne ba. Ina jin ƙarar askar a kan fata daga inda nake tsaye. Ban taɓa ganin ya yi aski a hankali kamar wannan ba. Da ya gama ya shafe kan da ruwa ya ja da baya. Malam ya zauna jim kaɗan kamar yadda aka ce masa, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya tsaya ƙyam. Ya sa hula, ya tambayi mai tsamiya nawa take yau.

Taron ya watse a hankali. Maƙwabcin nan da ya ɗauko wanzamin Kelle ya ɗan yi jim, sannan ya zo ya tsuguna a tabarma ya cire hularsa. Baba ya ce masa ya jira, zai wanke hannu.

Na bi shi bayan rumfa da buta ina zuba masa. A nan na ga hannunsa na dama yana rawa, har ruwan na fantsama. Na ce masa ai an gama, kowa ya gani, lokotoro ma ya faɗa ba laifinsa ba ne.

Ya ce, "Ke kin je kin ji lokotoro. Ni ina nan zaune." Ya juya tafin hannun yana dubawa. "Sau biyu ina taɓa mutum yana faɗuwa, Zara. Ban yi masa komai ba, na san ban yi ba. Amma tun tsakiyar watan nan ko kan ƙanenki ban yarda na dafa da shi ba."

Ya goge hannun a riga, ya jira har rawar ta tsaya, sannan ya koma wurin mai jiransa.